Sa Hannun Kwamfuta Zai Iya Riƙe Maka Gona?

Tambaya: Malam, daga Gangara ta Damargu nake. Maƙwabcina da ke ci-rani a Aljeriya yana son jinginar mini da gona. Ya turo takarda ta WhatsApp, ya ce tana ɗauke da sa hannun kwamfuta wanda ba a iya yin jabunsa. In tura masa kuɗin?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Fara duba abin da aka turo maka. In hoton sa hannu ne aka manna a kan takarda, kowane yaro mai wayar zamani zai iya yankowa daga wata takarda ya liƙa.

Sa hannun kwamfuta na gaskiya lissafi ne da masana suka shimfiɗa a Amurka a 1976 da 1977. Mutum yana da mabuɗi biyu: na sirri da yake ɓoyewa, da na fili da kowa ke gani. Kwamfuta takan fitar da wata lamba daga rubutun takardar, ta kulle ta da mabuɗin sirri. Mai karɓa ya gwada da na fili. Ko sifiri ɗaya aka ƙara a kan kuɗin bayan an kulle, gwajin zai ƙi. Abu biyu ke nan yake tabbatarwa: mabuɗi kaza ne ya kulle, kuma ba a taɓa rubutun ba.

Iyakar aikinsa ke nan. Kamar hatimin sarki yake: ko a hannun ɓarawo, tambarin da zai buga iri ɗaya ne. Lissafi bai san wanda ya riƙe wayar ba, bai san ko an karanta masa takardar da harshen da yake ji ba, balle ya san ko gonar tasa ce shi kaɗai ko gado ce da ba a raba ba. Waɗannan kuwa su ne tambayoyin alƙali. Shi ya sa dangwala yatsa a gaban shaidu, da yardar mai shi, kan fi ƙarfi a gidan shari'a.

Dokar Nijar ba ta ƙi sa hannun na'ura ba. Dokar mu'amala ta intanet ta 2019 ta amince da shi, haka ma dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, da aka sabunta a 2010, muddin an tabbatar da ko wane ne mai shi kuma takardar ba ta sauya ba. Amma gona tana da nata tsarin. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye, wato kofo, waɗanda ke shaida saye, kyauta, aro da jingina.

Ga abin yi. Maƙwabcinka ya wakilta wani nasa a rubuce. Ku je wurin maigari da kofon ƙauye, a kira magada da masu iyaka da gonar, a taka ta a ga iyakokinta. A rubuta takardar jingina da adadin kuɗi da sharaɗin fansa, a karanta da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A kai kwafi kofon kwamin. Sannan ka biya, ka adana rasit ɗin tura kuɗin tare da saƙonnin muryarsa. Ayar bashi a Suratul Baƙara ma rubutu da shaidu ta haɗa.

Kada kunyar maƙwabtaka ta hana ka. Ranar da damina ta yi kyau, wani magaji ya taso, takardar kofo ce za ta tsaya maka a gaban alƙali.