Daga Tarihin Ikkilisiya: William Tyndale, Mai Juya Littafi Mai Tsarki

A Ingila ta farkon ƙarni na 16, talaka kan je sujada ya ji ana karanta Maganar Allah da Latin, harshen da ba ya ji. Akwai kuma dokar ikkilisiya, tun farkon ƙarni na 15, wadda ta hana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci ba da iznin bishop ba.

William Tyndale firist ne, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya ƙware a Helenanci. Burinsa shi ne ko yaron da ke huɗa a gona ya san Nassi da kansa. A shekara ta 1523 ya nemi izni wurin Bishop na Landan, Cuthbert Tunstall, bai samu ba. Sai ya ƙetare zuwa Jamus a 1524, bai kuwa sake taka ƙasarsa ba. A 1526 aka buga Sabon Alkawarinsa a birnin Worms, aka riƙa shigar da shi Ingila a ɓoye cikin kayan fatake. Tunstall ya sa aka ƙone waɗanda aka kama. Abin baƙin ciki shi ne masu ƙonawar ba arna ba ne, shugabannin ikkilisiya ne masu ilimi.

Tyndale ya koyi Ibrananci, ya fitar da littattafai biyar na Musa a 1530. A 1535 wani Henry Phillips, wanda ya shige masa kamar aboki, ya bashe shi a Antwerp, aka tsare shi a kurkukun Vilvoorde, kusa da Brussels. Wasiƙar da ya rubuta daga can tana nan har yau. Ya roƙi hula da riga masu ɗumi saboda sanyi, da fitila domin zaman dare cikin duhu ya ishe shi. Amma abin da ya fi naciya a kai shi ne a ba shi Littafi Mai Tsarki na Ibrananci da littafin nahawu da ƙamus, ya ci gaba da nazari.

A 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa. Ba a cika shekara uku ba Sarki Henry na Takwas ya umarta a ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci a kowace majami'a, yawancin Sabon Alkawarin da ke ciki kuwa aikin Tyndale ne.