DARASIN WANNAN WATA: Ina Za A Kwana Idan Ruwa Ya Ci Gida?

Damina albarka ce, amma wata shekarar takan zo da ɓarna. A watan Agusta na 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano, ta ci gidaje da gonaki. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da muhallinsu. Jihar Jigawa na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Wanda gidansa ya rushe yana da damuwa biyu: inda iyali za su kwana yau, da yadda zai sake gini gobe. Wannan darasi zai nuna hanyoyin da ake bi.

Daren farko

Rai ya fi dukiya. Idan bango ya tsage ko ya jiƙe har ƙasa, a fitar da kowa daga ɗakin. Ginin ƙasa yakan faɗi ko bayan an ɗauke ruwa. Kada a koma ciki don ɗauko tukunya ko buhun hatsi.

Mafaka ta farko ita ce gidan ɗan'uwa ko maƙwabci da ke kan tudu. A fara sama wa mata masu ciki, da yara, da tsofaffi, da marasa lafiya wuri. Idan ɓarnar ta shafi unguwa duka, akan buɗe makarantar firamare ko wani ginin gwamnati don jama'a su zauna. Mai unguwa da dagaci su ne ke neman izni daga ƙaramar hukuma. A wurin, a ware ɗakin mata da na maza. A tona masai nesa da rijiya, a riƙa tafasa ruwan sha, domin amai da gudawa na saurin yaɗuwa a cikin cunkoso. Zaman makaranta na ɗan lokaci ne, gama yara za su koma karatu.

A rubuta suna da wuri

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Hukuma da takarda take aiki. Wanda ba a rubuta sunansa ba, da wuya rabo ya kai gare shi.

Ga yadda labari ke tafiya. Magidanci ya sanar da mai unguwa. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi da ƙaramar hukuma. Ƙaramar hukuma ta sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wadda ake kira SEMA. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin jiha, sai hukumar tarayya, wato NEMA, ta shigo. An kafa NEMA a 1999. Ma'aikata sukan zo su duba ɓarna da idonsu kafin a kawo kaya. Ranar da za su zo, mai gida ko wakilinsa ya tsaya a bakin kangonsa.

Ga abin da ya kamata takardar ta ƙunsa:
1. Sunan mai gida, da unguwa, da gari.
2. Yawan mutanen gidan, manya da yara.
3. Ɗakuna nawa suka faɗi.
4. Rumbu, da dabbobi, da amfanin gona da aka rasa.
5. Ranar da abin ya faru.

A yi takardar kashi biyu. A ba mai unguwa ɗaya, a ajiye ɗaya. Idan akwai mai wayar da ke ɗaukar hoto, a ɗauki hoton ɓarnar kafin a kwashe ƙasa.

A lura da waɗanda akan manta da su. Matar da mijinta ya rasu, idan ita ke riƙe da gida, a rubuta sunanta ita kanta. Haka ɗan haya, da baƙon da ya zo ci-rani, da makiyayin da ke bayan gari. Duk ruwa ɗaya ya ci su.

Nan amfanin karatu yake. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci zai iya rubuta asararsa da hannunsa. Zai iya duba jerin sunaye ya ga ko nasa na ciki. Zai kuma karanta takarda kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Me ake samu?

Kayan agaji sukan haɗa da hatsi, da tabarmi, da barguna, da gidan sauro. Wani lokaci akan haɗa da kwanon rufi, da siminti, da ƙusa. Kayan kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi kafin ya rubuta suna, macuci ne. A kai ƙararsa wurin dagaci ko hakimi.

Sai dai a sani, agajin gwamnati yakan yi jinkiri, kuma ba ya gina gida sukutum. Don haka a ƙwanƙwasa wasu ƙofofin. Akwai ƙungiyar agaji ta Red Cross, da ƙungiyoyin agaji na addini. Jihohi kamar Kano da Sakkwato suna da hukumar zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutane iri 8 da ake ba zakka, cikinsu har da faƙirai da miskinai. Wanda ruwa ya raba da gidansa da abincinsa ya gaya wa liman halin da yake ciki, ba abin kunya ba ne. Sannan ga aikin gayya. Samari 20 za su iya buga tubalin ɗaki a yini ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda za a sake gini

Wurin da ruwa ya bi bara, yana iya bi bana. Kada a sake gini a fadama, ko a kan hanyar ruwa, ko a gaɓar kogi. Wanda ba shi da fili a tudu ya nema ta hannun dagaci. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin zama a filin karkara. A nemi wannan takarda, don kada wani ya zo gobe ya ce filinsa ne.

Wajen gini, a ɗaga tushe ya fi ƙasar waje tsawo. In da hali, a yi layukan farko da dutse ko bulon siminti. A yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a yashe magudanar ruwa. Katin ɗan ƙasa, da takardar fili, da takardun haihuwar yara, a ƙulle su a leda a rataye a sama. A kuma riƙa sauraron rediyo, domin hukumomi kan yi gargaɗin ambaliya tun kafin damina ta kankama.

Tambayoyi

1. Su wa za a fara sama wa wurin kwana?
2. Wa magidanci zai fara sanarwa idan gidansa ya rushe?
3. Faɗi abubuwa 5 da ake rubutawa a takardar asara.
4. Ana biyan kuɗi kafin a rubuta suna?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta sunansa, da yawan mutanen gidansa, da yawan ɗakunansa. Sannan aji ya tattauna: idan ruwa ya zo garin nan da dare, a wane tudu jama'a za su taru?