Darasi Daga Gombe: Tsakanin Auduga Da Siminti

Masana tattalin arziki suna cewa ƙasar da ta dogara ga noma da haƙar ma'adinai tana fuskantar haɗari guda babba, wato sayar da ɗanyen kaya a kan farashin da wasu ke yankewa. Tarihin kasuwancin Gombe ya isa misali ga mai son fahimtar wannan batu.

Auduga ce ta fara ɗaga darajar garin. A shekarar 1956 aka kafa masana'antar gurzar auduga a Gombe, sa'an nan layin dogo ya iso a 1963, aka sami hanyar kai kaya tashar jiragen ruwa. Manoma suka yi ta ƙaura zuwa yankin, fatake suka biyo su. Sai dai gurza kawai ake yi a nan, saƙa da rini kuwa a wasu garuruwa. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya rasa tabbataccen farashi da ingantaccen iri. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa, masu saye suka ragu, manoma da yawa suka koma ga masara da wake.

Ta fuskar ma'adinai labarin ya sha bamban. Kamfanin siminti na Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye, ya fara aiki a 1979. Dutsen da ake haƙowa a wurin, a nan ake ƙona shi ya zama siminti, kuma daga bisani kamfanin ya shiga amfani da kwal na Maiganga da ke ƙaramar hukumar Akko. Da yake ana kammala sarrafawa a gida, dillalai da masu manyan motoci da magina duk suna samun rabonsu.

Ƙasar Zambiya ta ɗanɗana kuɗar dogaro ga abu guda. Jan ƙarfe ne ke kawo mata kusan dukkan kuɗin musaya, saboda haka da farashinsa ya faɗi a tsakiyar shekarun 1970, sai bashi ya yi mata katutu.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, riba mai ɗorewa tana wajen sarrafawa da adanawa. Buhun masarar da aka saya a kasuwar Tudun Hatsi lokacin kaka, idan aka niƙa shi ya zama gari ko abincin kaji, darajarsa ta wuce ta wanda aka loda wa mota zuwa kudu. Haka shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Daɗin Kowa take buƙatar injinan casa.

A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Gombe da Bauchi. Kafin mutum ya zuba jarinsa saboda wannan albishir, ya kamata ya tambayi kansa: idan farashi ya faɗi, wace sana'a ce za ta riƙe shi?