Ranar tashin sarauniyar tururuwa

Kowane manomi ya san tururuwa. Ita ka kwashe iri bayan shibka, ta kai ramenta. Amma ba kowa ya san yadda sabon gidan tururuwa ke farawa ba.

A cikin kowane gida akwai uwa, ana ce mata sarauniya. Ita ke yin ƙwai. Ma'aikata su ke neman abinci, ba su da fuka-fuki. In damana ta kama, ruwa ya jiƙa ƙasa, sai ƴaƴan sarauniya masu fuka-fuki, maza da mata, su fito su tashi sama. Bayan barbara, namiji ba ya daɗewa sai ya mutu. Macen ta sauka ƙasa, ta karya fuka-fukanta 4, ta gina ɗan rame, ta shige, ta rufe baki. Can za ta yi ƙwai, ta ciyar da ƴaƴanta na farko da abin da ke cikin jikinta.

Tsakanin tashi da shiga rame nan haɗari yake. A sama tsattsewa da sauran tsuntsaye suna kama su, da almuru jemage ya karɓa. A ƙasa ga kaji da zabbi, ga ƙadangare, ga kwaɗo. Gizo-gizo ya ɗana tarkonsa. Har tururuwar wani gida, in ta iske baƙuwa, sai ta kashe ta. Cikinta cike yake da mai, ga ta da nauyi, ba ta da mai tsaronta. Saboda haka mafi yawansu ke mutuwa ran nan, kaɗan ke tsira.

Wadda ta tsira tana iya rayuwa shekaru da yawa, gidanta ya kai dubban ma'aikata. Ke nan kwaɗon da ya haɗiye sarauniya guda ya hana gida guda kafuwa a gona. Wannan aiki ba a biyansa ko dala.

Don haka a hana yara harbin tsuntsaye da danƙo, a bar kashe kwaɗi da ƙadangaru. Maganin ƙwari kuma, a sa shi inda malamin gona ya ce, don kada ya kashe masu taimako.

A kula: shinge daban yake. Shi ɗiyan gara ne, fuka-fukansa 4 tsawonsu ɗaya. Na tururuwa, na gaba sun fi na baya tsawo.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji:

1. Wane lokaci tururuwa masu fuka-fuki ke tashi a garinku?
2. Su wa ke cin su a sama, su wa a ƙasa?
3. Mi za a yi don a kare masu taimakon manomi?