Darasi na Goma Sha Biyu: Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

A tsaunukan Alps na ƙasar Faransa akwai wani yanki da ake kira Les Trois Vallées, wato Kwari Uku, inda tsawon hanyoyin wasan zamiya ya kai kimanin kilomita 600. Kowace hanya da launin alamarta. Kore na 'yan koyo ne, baƙi na gwanaye. Shuɗi da ja kuwa na matsakaita ne, waɗanda suka iya juyawa da katakon zamiya biyu a jere, amma ba su gama ƙwarewa ba.

Da dare katafila kan bi hanyoyin nan tana daddaɓe dusar ƙanƙara, ta bar ta kunya-kunya kamar sabuwar huɗa. Da safe ƙafa kan kama sosai, har matsakaici ya fara ganin kansa gwani. A nan haɗarin yake. Kafin la'asar ɗaruruwan mutane sun bi ta wurin, sun kankare wani gefe ya zama santsi, sun tara dusar tudu-tudu a wani. Alamar ba ta sake launi ba, amma hanyar ta sake hali. Ga kuma gajiya ta kama cinyoyi, gwiwa ce kan fara jin jiki idan aka faɗi.

Dokar wasan ta ce wanda ke baya shi ne zai kauce wa na gabansa, domin na gaba ba ya ganin ƙeyarsa.

Tambayoyi

Waɗanne launuka ne na matsakaita?

Me ya sa hanya ta fi haɗari da la'asar?