DARASI: ZAƁEN KAYAN HAƊA ƘARAMAR KWAMFUTA DOMIN SITON HATSI

'Yan'uwa manoma, kowace shekara laima takan ɓata masarar ƙungiyoyinmu a cikin sito, tun ba wanda ya sani. Masarar ajiya ba ta son ruwan jikinta ya wuce kashi 13 cikin 100. In ya wuce, sai fumfuna ta kama ta, wata fumfunar kuwa tana da dafi mai lalata hanta. Ana iya haɗa wata 'yar kwamfuta wadda ba ta kai tafin hannu ba, ta riƙa gadin sito dare da rana. A wannan darasi za mu koyi zaɓen kayanta.

1. Mu san aikin tukuna. Aikinta ɗaya ne, watau ta auna zafi da laimar iskar da ke tsakanin buhuna, ta kunna jar fitila in laimar ta wuce kashi 65, gama a nan ne alamar hatsi bai bushe ba. Wanda bai yanke aikin ba, zai sayo abin da ya fi ƙarfin bukatarsa, kuɗin ƙungiya ya tafi a banza.

2. Allon kwamfutar. Akwai iri uku da aka saba. Arduino ya fito daga Italiya a 2005, yana da sauƙin koyo. Raspberry Pi ya fito daga Ingila a 2012. Shi cikakkiyar kwamfuta ce, ya dace da lissafin ma'aji, amma irin na huɗu yana shan lantarki kamar wat 3 ko ba ya aikin kome, kuma ɗaukewar wuta takan lalata katin ajiyarsa. Ƙaninsa Pico, na 2021, an fara sayar da shi dala 4, yana shan wuta kaɗan ƙwarai. Domin gadin sito, Pico ko Arduino ya isa.

3. Kada mu sayi mai fanka. Ba domin ƙara kaɗai ba. Fanka tana shan batir, tana zuƙo ƙurar hunturu da ƙaiƙayi cikin akwati, ita ce kuma takan fara lalacewa. Abin da ba ya juyawa ba ya saurin mutuwa.

4. Ma'auni. Wanda ake kira DHT22 yana auna zafi da laima gaba ɗaya. Ga yadda za mu gane ko na kirki ne: mu ɗan jiƙa gishiri a murfin kwalba, mu rufe shi tare da ma'aunin cikin gwangwanin da iska ba ta shiga, ya kwana. In ya nuna kusa da 75, yana da kyau. In ya yi nisa, mu mayar wa mai shi.

5. Inda za a samu. Daga nan Badarawa, waya da dalma da batir da ƙaramin farantin sola suna samuwa wurin masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Akwati kuwa, maƙeran Panteka za su yi mana shi daidai awo. Allo da ma'auni sau da yawa sai an aiko daga Legas. In muna da yaro a Kaduna Polytechnic, mu roƙe shi ya rubuta mata umarnin aiki.

6. Guda ɗaya za mu haɗa da fari, a kan allon gwaji, ba tare da dalma ba. Ta yi wata guda a sito ɗaya, magatakarda yana rubuta abin da ta nuna safe da yamma. Sai ta ci jarrabawa sa'an nan mu saya wa sauran rassa. Mu fara tun damina, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin taro:
a) Buhu nawa suka lalace a sitonmu bara, kuɗinsu nawa ne?
b) Wa zai riƙa duba fitilar, me za mu yi ranar da ta kama?