Ɓarawon Akuya da Ɓarawon Biro: Laifi a Mahangar Masana Zamantakewa

Gabatarwa

A wajen mai shari'a, laifi shi ne duk abin da doka ta hana ta kuma tanadar masa hukunci. Masanin ilimin zamantakewar al'umma kuwa yakan ƙara da wasu tambayoyi: wa ake kamawa, wa ake ƙyalewa, kuma da wane suna ake kiran kowannensu? Wannan maƙala za ta duba waɗannan tambayoyi, musamman ta ƙarshen, domin ita ce ta fi shafar ɗalibin harshe.

Laifin Masu Farar Kwala

Kafin shekarar 1939, yawancin masana sun ɗora alhakin laifi a kan talauci, saboda alƙaluman da suke aiki da su daga gidajen yari suke fitowa, gidan yari kuwa talakawa ne suka cika shi. A wannan shekara ce wani masani ɗan Amurka, Edwin Sutherland, ya gabatar da jawabi a taron ƙungiyar masana zamantakewa ta ƙasarsa a birnin Filadelfiya, inda ya fito da abin da ya kira laifin masu farar kwala, wato laifin da mutum mai daraja da matsayi yake aikatawa a bakin aikinsa. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa ɓarawon biro.

A littafinsa na 1949, Sutherland ya bibiyi manyan kamfanoni 70, ya tarar babu ko ɗaya da kotu ko wata hukuma ba ta taɓa samu da saɓa doka ba. Sai dai akasarin shari'o'in ba a kotun masu laifi aka yi su ba, tara kawai aka ci ko aka ja kunne. Abin dariya ma, maɗaba'ar ta sa an cire sunayen kamfanonin don tsoron ƙara, sai a 1983 aka buga littafin da sunayen a ciki.

Harshen Kafofin Yaɗa Labarai

Mai karatu ya saurari labaran rediyo na mako guda da kunnen basira. Wanda ya ɗauki akuya ko wayar hannu ɓarawo ne kai tsaye: dubunsa ta cika, an cafke shi, an tasa ƙeyarsa. Shi kuwa wanda ya kwashe kuɗin asibiti, ana zarginsa ne da almundahana ko karkatar da kuɗi, kuma gayyatarsa ake yi domin ya amsa tambayoyi. Kalmar karkatarwa sai ka ce kuɗin hanya suka ɓata. A ganina, taka-tsantsan ɗin da 'yan jarida suke yi wa babba daidai ne, tunda ba a tabbatar da laifinsa ba. Matsalar ita ce ba a yi wa talaka irinsa. Masu ra'in laƙabi, irin su Howard Becker a 1963, sun nuna cewa sunan da al'umma ta liƙa wa mutum yana iya hana shi aiki da aure har ya tura shi ga maimaita laifin.

Laifi da Dunƙulewar Duniya

Akuyar sata ba ta wuce kasuwar ƙauye, kuɗin ɓarawon biro kuwa suna tsallaka teku cikin daƙiƙa. Shari'ar James Ibori, gwamnan Jihar Delta daga 1999 zuwa 2007, misali ce. A 2009 wata kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhuma 170 da aka yi masa. Amma da yake kuɗin sun ratsa bankuna da gidaje a Ingila, an kama shi a Dubai a 2010, aka miƙa shi Landan, inda ya amsa laifin halatta kuɗin haram a 2012, aka yanke masa ɗaurin shekara 13. A 2021 Birtaniya ta mayar wa Nijeriya fam miliyan 4.2 daga cikin dukiyar da aka ƙwace a shari'ar.